Littafin da Malami Ba Ya Sa wa Jan Biro

Shekaru kaɗan da suka wuce, a farkon zangon karatu na biyu, lokacin da hazon hunturu yake rufe Dutsen Kufena har mutum ya kasa hango shi daga bakin titi, na shiga ajin 'yan SS2 da nake koya wa Hausa, na ce kowa ya nemi littafin rubutu mai falle arba'in, ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum da abin da ya ji a ransa. Niyyata mai kyau ce, amma sai na ɓata rawata da tsalle, domin na ƙara da cewa zan riƙa karɓar littattafan duk ranar Juma'a in duba. Da Juma'ar farko ta zo na ɗaure su a bayan babur na kai gida Tudun Wada, na zauna bayan la'asar da jan biro a hannu. Littafi fiye da hamsin, amma kamar mutum ɗaya ya rubuta su: na tashi da asuba, na yi salla, na gaida iyayena, na tafi makaranta, na dawo lafiya. Babu wanda ya yi fushi a wannan mako, babu wanda ya ji tsoro, babu wadda ƙawarta ta ɓata mata rai. Abin da na samu na yi bai wuce gyara lanƙwasar ƙ da ɗ ba, na mayar musu ranar Litinin.

'Yar yayata ce ta warware mini abin, ita kuwa a lokacin tana ajin ƙarshe a wata makarantar 'yan mata. Na je gaida mahaifiyarta a cikin birni, nake ba su labari ina mita cewa yaran yanzu ba su da tunani, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma wa zai rubuta abin da ke cikinsa alhali ya san malaminsa zai karanta? Ai mu ma muna da kunya." Mahaifiyarta ta harare ta, ni kuwa na yi shiru, domin ta faɗi gaskiya.

Mu Hausawa muna rainon yaro a kan kunya da kawaici, kuma ba na cikin masu ganin hakan aibi ne. Sai dai mun koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba mu kuma tanadar masa inda zai sauke abin da cikin ya ɗauka ba. Ɗan shekara goma sha shida yana ɗauke da tsoron jarrabawa, da muryarsa da ta canja, da kishin ɗan'uwan da ake yabo a gabansa, da tambayoyin da ba zai iya yi wa mahaifinsa ba, musamman idan shi ne ɗan fari da ko sunansa ba a kira a gida. Littafin tunani wuri ne da zai zauna da kansa ba tare da ya karya ladabi ba. Wanda yake zaton wannan al'adar Turawa ce, ya tuna da maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, da aya ta 18 a Suratul Hashri da ta umarci kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe. Malamanmu na zaure suna kiran wannan muhasaba, kuma abin da biro ya ƙara a kai shi ne, tunanin ba ya gudu da wayewar gari.

Abin da na koya bayan kuskurena shi ne, faffaɗar tambaya ba ta haifar da komai. Idan aka ce wa yaro ya rubuta yadda yake ji, zai zura wa farar takarda ido har barci ya ɗauke shi. Tambayar da ta fi kowace amfani a wurina ita ce: me na faɗa yau, me kuma na so in faɗa? A ja layi a raba shafi biyu. A ce mahaifi ya kira ɗansa bayan magariba ya ce masa likita zai zama, yana ma hango shi da farar riga a asibitin koyarwa na Shika, yaron ya ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin ita ce ta ɓangaren dama. A ɓangaren hagu kuwa zai iya rubuta cewa jini yana tayar masa da zuciya, cewa kimiyyar sinadarai ta gagare shi tun SS1, cewa ba ya samun natsuwa sai ya zauna a shagon mai gyaran waya yana kallon yadda ake kwance ta ana mayarwa. Bayan kwana uku ya koma ya karanta, ya yi wa kansa tambaya ta biyu: a cikin waɗannan, wanne ne ɓacin ran wannan daren kawai, wanne ne kuma ya cancanci a faɗa, kuma ta bakin wa? A gidajenmu magana tana da ƙofa. Abin da ba ya faɗuwa ga uba kai tsaye yakan bi ta wurin uwa, ko baffa, ko kaka, wadda jika yake iya gaya mata komai cikin wasa. Sau da yawa yaro ba ya gane ƙofar da zai bi sai ya ga maganar a rubuce.

Akwai yaran da ba sa iya farawa da kansu, kuma waɗannan nakan ce su fara da ido da kunne. Su zaɓi abu ɗaya tak da suka gani a hanyar makaranta su siffanta shi dalla-dalla: mai shayin da yake ɗaga kofi sama yana shiƙa ba tare da ɗigo ya zube ba, gardamar canji tsakanin fasinja da mai a-daidaita-sahu a Ƙofar Doka, ko almajirin da ya takure da robarsa a jikin katanga da sanyin safiya. Idan an gama siffantawa sai a ƙara layi ɗaya: me ya sa wannan ya tsaya mini a rai, alhali na wuce abu dubu ban kula ba? A wannan layin ne yaro yake cin karo da kansa ba shiri. Wanda ya rubuta labarin almajiri zai iya tarar da cewa rigar sanyinsa da ya raina da safe yake tunani, wanda ya rubuta gardamar canji kuma ya gane cewa yana jin kunyar neman haƙƙinsa a gaban mutane.

Shawarar da na fi ƙauna ita ce ta zuwa wurin tsofaffi. Tsakanin 1949 da 1950, a Giwa da nan Zariya, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka kuma buga shi da Turanci a 1954. Baba ba sarauniya ba ce, ba kuma malama ba ce. Labarin aure da kishiyoyi da ƙawance da harin kama bayi da zuwan Turawa ta bayar, yadda ta gan su daga tsakar gida, amma har yau masu nazarin tarihin ƙasar Hausa suna komawa gare shi. Kusan kowane gida a Zazzau yana da irin wannan tsohuwa, kuma kullum muna binne su da labarinsu. Nakan ce wa ɗalibi ya je ya tambayi kakarsa abin da take tsoro lokacin tana kamarsa, ko yadda aka yi ta fara ganin jirgin ƙasa a tasha, ya rubuta amsar da kalmominta ba tare da ya goge karin harshenta ba, sannan a ƙasa ya rubuta abin da shi zai yi da yana wurinta. Wannan garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya rasa masu rubuta abin da kakanninsu suka gani ba.

Maganar jarrabawa ba ta bukatar dogon bayani, ko da yake ita ce ta fi hana 'yan SS3 barci, ga WAEC ga NECO ga JAMB a jere. Bayan kowane gwaji, ɗalibi ya ɗauki tambayoyin da ya faɗi ya rubuta dalilin kowace: ban karanta ba ne, na karanta ban gane ba, ko na sani gaggawa ta sa na kuskure? Maganin kowane daban ne, kuma wanda ya yi haka na wata biyu zai daina cewa shi daƙiƙi ne a lissafi, ya koma cewa wuri kaza ne yake kayar da shi. Haka nan lissafin kuɗin tara da na data, da awannin da aka ƙarar a TikTok bayan an ce minti biyar kawai za a leƙa: a rubuta adadin yadda yake, a bar shi ya yi magana. Ita ma godiya tana shiga littafi, amma kada a tsaya ga "Alhamdulillahi" kurum, wadda baki ya saba da ita har zuciya ba ta jin fitarta. A faɗi abin da ake godewa da sunansa, ko da ƙosai ne da abokin zama ya raba biyu ranar da aljihu ya bushe.

Sai kuma wasiƙar da ba za a aika ba, wadda ta fi duk sauran nauyi. Ana rubuta ta zuwa ga aminin da ya tona asiri, ko siniyan da ya ci zali a ɗakin kwana, ko mahaifiyar da ta rasu ba a yi sallama ba. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗaliban jami'a suka yi rubutu na minti 15 kullum har kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya taɓa girgiza su tare da yadda suka ji, sun tashi daga teburin da nauyin zuciya, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na waɗanda aka sa su rubuta abubuwa marasa muhimmanci. Binciken da aka yi ta maimaitawa daga baya ya nuna amfanin yana nan, sai dai matsakaici ne, kuma ba kowa yake samunsa ba. Saboda haka nakan gaya wa ɗalibaina ƙarara cewa littafi ba likita ba ne. Idan yaro ya ga mako bayan mako magana ɗaya yake juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke, ko abin da yake rubutawa cin zarafi ne da ake yi masa har yanzu, ko ya fara tunanin cutar da kansa, to ya rufe littafin ya nemi babban da ya amince da shi a ranar, kada ya bari sai gobe.

Game da harshe, ra'ayina shi ne mutum ya rubuta da harshen da yake fushi da shi. Mafi yawan yaranmu idan suka koma Turanci sai su koma rubutun insha'i na neman maki, su yi ta laluben manyan kalmomi har abin da ke ransu ya sulale. Hausa ce ko gauraye, boko ne ko ajami, duk ya halatta. Wata ɗaliba ta taɓa gaya mini cewa da ajami take rubuta nata don kada ƙannenta su karanta, na yi dariya na ce ta manta su ma suna zuwa makarantar allo, amma dai dabarar ta burge ni.

Wannan ya kawo ni ga iyaye, kuma a nan ina roƙo ne. Gidajenmu ba su da yalwar sirri. Yara huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, jaka ɗaya a rataye a ƙusa, kowa yana iya zura hannu. Ɗan makarantar kwana ya fi samun sauƙi, domin yana da akwatin ƙarfe da kwaɗo. Uwa ko uban da ya tsinci littafin ɗansa a ƙarƙashin katifa, na san hannu zai yi ƙaiƙayi, kuma na san tsoron da ke bayan ƙaiƙayin gaskiya ne a wannan zamani. Amma wanda ya buɗe ya karanta, ya kuma kawo maganar a tsakar gida, daga ranar ba zai sake samun komai a ciki ba sai irin abin da na samu a waccan Juma'a. Idan akwai alamar da ta tayar da hankali a halin yaro, a kira shi a tambaye shi baki da baki. Shi kuma mai littafi yana da ikon yage shafin da ya gama aikinsa, sai dai idan akwai sunan Allah ko aya a jiki, ya ƙona shi maimakon ya jefa a bola.

Yanzu ranar Alhamis nakan bar minti goma na ƙarshen darasi. Ina rubuta tambaya ɗaya a allo, in ja kujerata zuwa bakin ƙofa, in fito da nawa littafin in yi rubutu tare da su, ba na zagayawa tsakanin benci, ba na kuma karɓar komai. Wasu suna cika shafi biyu, wasu layi uku, akwai kuma wani a bencin baya da na tabbata zanen babur yake yi, na ƙyale shi. Makon jiya, bayan an kaɗa ƙararrawa kowa ya fita, wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya tsaya yana murza gefen rigarsa, ya ce, "Malam, idan littafin ya cika fa?" Na ce ya sayi wani, wannan karon mai falle tamanin, ya kuma rubuta kwanan wata a bangon tsohon kafin ya ɓoye shi.