Wa ke biyan mai gonar bakin daji?

Yau Talata ban fita ko'ina ba, domin Malam, mai duba kundin bincikena, ya ce kada in sake leƙa ofishinsa sai da babi na biyu a kammale. Tun bayan karin kumallo na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, na baje takardu, na kunna kwamfuta, kuma har wajen azahar aikin yana tafiya yadda nake so.

Abin da nake karantawa binciken da aka yi ne a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Tun shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa shirin nazarin birai a can, suka yi sansani a Kwano, cikin kurmin da ruwan da ke sauka a cikinsa a shekara ya kusa ninka namu na Sakkwato sau uku. An fi sanin wurin da cimfanzin Nijeriya da Kamaru, manyan birai marasa wutsiya masu kama da mutum, waɗanda duk duniya ba su kai 10,000 ba, masu fiƙe tsinke su zura cikin amya su lashi zuma. Ni kuwa abin da ya shafi babina shi ne garke biyu na gwaggon biri da masu binciken suka yi shekaru suna bi: garken Kwano da ke cin abin da daji ya ba shi, da garken Gamgam da ke kusa da ƙauyen Gashaka, wanda ya saba da shiga gonakin mutane.

Ina cikin haka Kawu ya yi sallama. Ya shigo gari duba idonsa, kuma a nan zai kwana. Bayan Inna ta kawo masa fura ya huce, sai ya matso ya leƙa fuskar kwamfutar, ya ga hoton wani ƙaton gwaggon biri riƙe da zangarniyar masara, ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ɗiyata, wanga shi ne karatun da aka ce kina yi? Ɓarawon gona kika aje gaba kina ma hidima?" Na ce, "Kawu, ai ku ne malaman wannan fanni, mu dai rubutawa muke yi."

Ashe na taɓo masa inda yake so. Ya ba ni labarin lokacin da yake yaro a gonarsu ta bakin dajin Gundumi, da yadda daga gero ya fara ƙosawa ake tura su tsaro tun duku-duku, kowa da majajjawarsa da gwangwanin bugawa. Ya ce jan biri ba ya shigowa gona kai tsaye. Babban namijin zai hau kan suri ya miƙe tsaye da ƙafa biyu yana dube-dube, ya bari ka gan shi da gangan, kana binsa da jifa matan da 'ya'yan sun zagaya ta ɗaya gefen sun cika kumatunsu. In kuma ka saki kare, wahalar banza ce. Na gaya masa cewa masana sun auna gudun jan biri ya kai kilomita 55 a awa guda, babu wani biri da ya kai shi gudu a ƙasa, kuma sun rubuta cewa babban namiji ɗaya ne ke zama cikin garken mata. Ya ce bai ga abin aunawa ba a nan, duk yaron da ya taɓa tsaron gero ya san haka.

Na yi ƙoƙarin nuna masa amfanin aikin. Na ba shi misalin kurmin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila, inda Dakta Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a New Zealand da ɗalibanta, da yawansu 'yan Nijeriya, suke tsintar kashin birai su wanke shi a rariya, su ƙirga ƙwallayen da ke ciki, su shuka su ga wanda zai tsiro. Akwai itatuwan kurmi masu manyan ƙwallaye da ƙananan tsuntsaye ba sa iya haɗiyewa, sai babbar dabba ce ke ɗauke su daga gindin uwar ta kai su nesa inda za su sami haske. Idan dabbar ta ƙare, itatuwan suna nan tsaye shekara da shekaru kamar babu abin da ya faru, amma babu na baya masu tasowa. Wannan bai yi masa wuyar karɓa ba ko kaɗan. Ya ce kanya da ɗinya da tsamiyar da ke tsakiyar daji ai ba mutum ya shuka su ba.

Daga nan ne na karanta masa sakamakon da ya fi burge ni, ina cike da jin daɗi. Masu binciken sun gano cewa matan garken Gamgam, masu cin masara da sauran amfanin gona, sun fi na Kwano saurin sake haihuwa, kuma 'ya'yansu sun fi rayuwa. Kawu ya ajiye ludayinsa. Ya ce, "To, ashe kun gano manomi shi ka kiwon su." Na ce haka lissafin ya nuna. Ya ce, "In saniya ta shiga gonata, na san mai ita. In tahi wurin hakimi, a zo a duba ɓarna, a yanka mai abin da zai biya. Ku kun ce biri na gwamnati ne, wanda ya kashe shi cikin gandu a kama shi. To tunda yana da mai shi, in ya ci gonata wa ka biyana?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin 'yan yawon buɗe ido da aikin gadin daji da ake ba mutanen ƙauye, sai na ga idan na faɗa zai tambaye ni ko wanda aka ɗauka aikin shi ne wanda aka cinye wa masarar, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Na yi shiru, shi kuma ya tashi alwala.

Tun daga lokacin ban ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Ba wai masu bincike sun kau da kai daga manomi ba ne, domin marigayiya Ymke Warren da abokan aikinta sun bi gonakin da ke kewaye da Gashaka suna auna ɓarnar namun daji da ta dabbobin gida, kuma Catherine Hill ta yi irin wannan aiki a gefen kurmin Budongo na Uganda, inda ta nuna cewa gonakin da suka fi kusa da bakin daji su ne suka fi shan ɓarna. An auna, an buga a mujallu, an kuma ba da shawarar a tsananta tsaro ko a sauya abin da ake shukawa a bakin daji. Sai dai duk shawarwarin nan a wuyan manomin suke sauka. Tsaron gona yana nufin yaro ya bar makaranta a lokacin kaka, ko magidanci ya kwana a bukka sauro na cinsa, sauya shuka kuma yana nufin iyali su bar abin da suke tuƙa tuwo da shi. Ko a Kenya, da dokar namun daji ta 2013 ta tanadi diyya ga wanda giwa ta tattake wa gona, manoma suna kukan jinkirin biya. Mu da muke zaune a birni muna son a bar mana cimfanzi da kurminsa domin jikokinmu, kuma ina nan a kan cewa ya kamata a bar su, amma wanda ke ɗaukar nauyin wannan buri namu shi ne mutumin da ya fi kowa ƙarancin abin hannu, kuma a mafi yawan rubuce-rubucenmu sunan da muke ba shi shi ne barazana ga gandu. Na duba babina na tarar kalmar tana nan tun shafin farko, domin haka dukanmu muka gaje ta daga littattafai.

Da dare na tambayi Kawu ko har yanzu jan birin yana sauka gonakin Gundumi. Ya ce shekarun nan wa ke kaiwa bakin dajin balle ya gani, gonakin can duk an bar su saboda 'yan bindiga. Dajin da ke kusa da ni ke nan, mai biran da zan iya nazari da harshen da na tashi da shi, ya fi mini na Taraba wuyar shiga.

Na buɗe sabon sashe a ƙarshen babin a kan wanda asarar ke hawa kansa da hanyoyin biyan diyya, na kuma ƙara tambaya a takardar da zan kai wa manoman Gashaka: in an yi musu ɓarna, wurin wa suke kai kuka, kuma me ke biyo baya. Alhamis zan kai wa Malam. Na san zai tambaye ni ko nazarin muhalli nake yi ko na shari'a, ga shi kuma babin ya riga ya zarce adadin shafukan da ya yanka mini.