Daren da muka kwana gadin toho a Chablis

Karatun kimiyyar ƙasar noma ne ya kai ni Faransa, aikin sanin makama kuma ya kai ni wata gonar inabi a Chablis, can arewacin yankin Burgundy, kusa da kogin Serein. Inabi iri ɗaya tak ake nomawa da sunan garin, wato Chardonnay, kuma giya ake yi da shi. Ni ba na sha, na kuwa faɗa wa mai gonar tun ranar farko. Ya ce ba komai, aikina yana wajen ƙasa da kuranga, wato itacen inabin.

Na je da tunanin cewa rana ce ke gyara ɗan itace, sanyi kuwa cikas ne kawai. Ashe a can sanyin ne jarinsu. Idan dare ya yi sanyi, inabi ba ya saurin nuna: zaƙi na taruwa a hankali, tsamin da ke cikin ƙwayar bai gudu ba. A ƙasa mai zafi tsamin nan ƙonewa yake yi, ruwan ya fito da zaƙi salam. Sai na tuna alkamar Kadawa, wadda ba ta cika ido sai hunturu ya yi kyau. Ƙasar gonar inabin kuma fara ce, mai duwatsu, cike da ɓawon ƙananan halittun teku da suka kwanta a nan shekara wajen miliyan 150. Da hannuna na tono su.

Amma Chardonnay na da saurin toho, kuma nan ne hatsarin yake. A farkon Afrilun 2021, bayan ɗumin ƙarshen Maris ya ruɗi kurangar ta fito da toho, sai sanyi mai daskarar da ruwa ya dawo. Dare bayan dare muna tashi cikin duhu muna kunna manyan kyandir na gwangwani a tsakanin layuka. Wasu manoman ruwa suke fesawa, ya daskare a kan tohon, ƙanƙarar ta zame masa riga. Da farko hankalina ya ƙi ɗauka, sai da aka bayyana mini cewa ruwa na sakin ɗumi yayin da yake daskarewa, muddin ba a tsayar da feshin ba.

A darare irin waɗannan na koyi abin da aji bai koya mini ba. Iska mai sanyi gangarowa take yi kamar ruwa, ta taru a kwari. Mai gonar ya san layin da zai fara mutuwa tun kafin ya duba ma'aunin sanyi, can ya fara tura mu. Duk da haka tohon da ke ƙasan gangaren ya yi baƙi kafin hantsi, kuma na ga dattijon ya tsaya a kansa ya kasa magana.

Da Satumba muka tsinke ɗan abin da ya tsira. Na sa ƙwaya ɗaya a baki, tsaminta ya kama mini haƙori kamar na ɗanyen tuffa, zaƙin ya biyo baya.