Abin da Awo a Cikin Duhu Ya Koya Mini

A shekarar ƙarshe ta karatuna na fiziks a nan Kumasi, aikin da aka ba ni shi ne gwada wata 'yar na'urar gano haske da aka yi da girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓantaro a Jami'ar Manchesta a 2004. Abin da ya ja ni gare ta shi ne faɗin ganinta, domin silikon da ke cikin kyamarar wayoyinmu yana makancewa da zarar tsawon zangon haske ya wuce kimanin nanomita 1100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na tsawon mita), alhali girafin yana amsa har hasken nanomita 1550 da ake aika saƙon intanet da shi ta wayar gilashi.

Ranar da na fara haska mata fitila na ga lantarki mai yawa a kan mita, sai na garzaya ofishin malamina cike da murna. Ya dubi takardar, ya ce, "Ka auna ta a cikin duhu?" Na ce, "A'a, Malam." Da na koma na kifa mata kwali, na lulluɓe da baƙin ƙyalle, sai na tarar lambar da ƙyar ta ragu. Ashe girafin ba shi da giɓin makamashin da ke tsare lantarki, saboda haka da haske da duhu lantarkin kwarara yake yi, kuma shimfiɗa ɗaya kashi 2.3 cikin ɗari kawai take sha na hasken da ya sauka a kanta. Na'urar da ake so ta yi watanni a gona ko a asibitin ƙauye da ƙaramin batir ba za ta jure wannan asara ba, kuma a ganina nan ne ainihin wahalar fannin take. Don magance ƙarancin shan hasken ne masu bincike suke ɗora wa girafin ɗigon kwantam, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi na dalma da farar wuta, su sha hasken su miƙa masa cajin.

Damina ma ta yi mini nata karatun. Na taɓa barin samfurin a buɗe a kan tebur daga Juma'a zuwa Litinin, laimar Kumasi ta zauna masa, awon mako uku ya daina daidaituwa da sabon. Tun daga ranar a rufaffiyar kwalba mai ƙwayoyin shan laima nake ajiye shi, kuma layin farko a littafin awona kullum na duhu ne.