Watannin da na yi ina jinyar Baffana a kan ciwon dajin baki

Baffana, yayan mahaifina, ya shafe fiye da shekara 30 yana sayar da goro a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, kuma a tsawon wannan lokaci bai rabu da taba gari a ƙarƙashin leɓensa ba. Da wani ɗan gyambo ya fito masa a gefen harshe, dukkanmu mun ɗauka haƙori ne ya goge wurin. An sha magunguna, an kuskure baki da jiƙe-jiƙe, har wata biyar suka wuce, sannan wani ƙullutu mai tauri wanda ba ya ciwo ya bayyana a gefen wuyansa. Rashin ciwon nan shi ya yaudare mu.

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, likita ya yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ya ce dajin kai da wuya ya haɗa da na baki, harshe, maƙogwaro, maƙoshi inda murya take fitowa, kogon hanci da kuma inda yawu yake tsattsafowa, kuma taba da giya su ne kan gaba wajen haddasa shi, sai wasu ƙwayoyin cuta irin su HPV. Gyambon baki ko dishewar murya da suka wuce mako uku, ko toshewar hanci ɓari ɗaya tare da haɓo, duk sun isa su kai mutum asibiti.

Inda muka fi shan wahala shi ne lokacin da aka ce za a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Dangi suka tashi haiƙan cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi zai bazu. Inna, matar Baffa, ta kira ni gefe tana kuka ta ce, "Ɗan nan, kada ka bari a yanka mini miji." Ban ga laifinta ba, domin ta ga waɗanda aka yi wa aiki suka rasu, sai dai abin da ba a faɗa shi ne yawancinsu sun je ne bayan cutar ta ci ƙarfinsu. Na koma wurin Baffa na durƙusa na ce, "Baffa, ba a san irin maganin da za a ba ku ba sai an san sunan ciwon." Ya yi shiru, sannan ya ce a yi. Wannan gardama kaɗai ta cinye mana mako uku, kuma ina jin zafinsu har yanzu.

Bayan tiyatar da aka cire gefen harshen da ƙullutun wuyan, aka tura mu Asibitin Ƙasa da ke Abuja domin gashi, wato kashe ƙwayoyin dajin da haske mai ƙarfi daga na'ura. Kafin a fara, likitan haƙori ya cire masa haƙora biyu da suka ruɓe, saboda muƙamuƙin da aka gasa ba ya saurin warkewa. Aka kuma yi masa wata ragar roba daidai fuskarsa, wadda ake ɗaure kansa da ita don hasken ya sauka wuri ɗaya kullum. Litinin zuwa Juma'a ake yi, har mako shida, kuma an gargaɗe mu cewa tsallake kwanaki yana rage ƙarfin maganin.

Daga mako na uku bakinsa ya ɗaye, yawu ya ƙafe, ɗanɗano ya tafi. A nan na gane cewa ciyar da shi shi ne aikina na gaske. Kunun tsamiya da yake so ya zama kamar wuta, yaji kuwa ba a maganarsa. Sai na koma kunun gyaɗa da madara, kindirmo, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, da miyar kuka mai santsi, cokali-cokali sau bakwai ko takwas a yini, tare da kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Duk da haka ya rame ƙwarai, kuma da na sani da wuri da ban yi jayayya ba lokacin da aka fara kawo shawarar sa masa robar abinci ta hanci.

Yanzu Baffa ya koma rumfarsa da gorar ruwa a gefensa, maganarsa ta ɗan yi nauyi, kuma duk bayan wata uku ni nake kai shi a duba wuyan.