Sau uku ina haɗa matatar ƙura kafin na gane abin da nake tacewa

Wani dare bayan isha'i na koma shago ɗauko kuɗin da na manta a aljihun rigar aiki. An ɗauke wuta, sai na ari tocilar maigadi, irin mai dogon hasken nan. Ina haska cikin ɗakin na tsaya cik. Tun kafin magariba muka tashi daga aiki, amma a cikin layin hasken ƙura ce ke iyo a hankali, sai ka ce hazon hunturu aka kulle a ɗaki. Da rana ban taɓa ganinta ba. Ga kuma akwatin tace ƙurata a kusurwa, wanda na fi shekara ina nuna wa abokan sana'a ina taƙama.

Sana'ata sassaƙar dutse ce. Ina rubutu a kan allunan mabul da giranit, irin waɗanda ake mannawa a bangon masallaci ko makaranta ranar buɗewa, ina yanka saman teburin kicin, wani lokaci ƙananan turame. Shagon mita 4 ne da 3, tsayinsa mita 3. Ƙannena masu shigowa wannan harka, da ku masu yanka tayil, ga abin da na yi ba daidai ba, don kada ku biya kuɗin makarantar da na riga na biya.

Akwatina na farko fankar tebur ce na saka a cikin katako, na toshe bayanta da soson katifa. Kullum da yamma soson ya yi fari fat, in kakkaɓe shi ina murna. Ashe abin da yake kamawa tsakin ne, wanda ko ba soso zai faɗi ƙasa da kansa, in ma ya shiga hanci majina ta fito da shi. Kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne. Ƙurar da ke kaiwa can ƙarshen huhu ba ta kai maikiron 10 ba, mafi muninta ma ƙasa da 5. Ramukan soso a wurinta ƙofar gari ce. Fankar tawa tana zuƙo ta, ta wuce, ta sake watsa min ita a fuska.

Sunan abin da ke cikin ƙurar silika, kuma ba kowane dutse ke da ita daidai da wani ba. Mabul na gaske ba shi da yawa, wajen kashi 2 cikin 100. Giranit yana da kashi 20 zuwa 45. Dutsen yashi yana kaiwa 70 zuwa 90. Shi kuwa dutsen kanti da ake haɗawa a masana'anta da garin ma'adini da gam, mai sheƙin nan da masu gida ke so a kicin, yana iya haura 90, har ƙasar Ostareliya ta haramta aiki da shi daga watan Yulin 2024, bayan samari masu yanka shi sun yi ta kamuwa da ciwon huhu. Idan silika ta zauna a huhu, jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya yi ta yin tabo a kewayenta har huhun ya ƙandare. Likitoci suna kiran ciwon silikosis. Ba ya warkewa, kuma yakan ɗauki shekara 10 ko 20 kafin mutum ya fara haki a kan matakala. Yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, wanda mu a nan ba baƙonmu ba ne. Tun 1997 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta saka wannan ƙura cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu.

Akwai lissafin da ya fi komai tsorata ni. A Amurka doka ta ce kada silika ta wuce maikirogiram 50 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, a tsawon aikin awa 8. Shagona yana ɗaukar irin wannan akwati 36. Ke nan duk abin da aka yarda ya kasance a iskar ɗakin bai cika miligiram 2 ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar shinkafa guda. Ni kuwa in na ɗora giranda, wato injin yankan dutse mai faifai, a kan giranit busasshe, cikin minti ɗaya gira ta yi furfura.

Bayan daren tocila na yi na biyu. Na sayi injin zuƙar shara na hannu a kasuwar 'yan gwanjo, na haɗa shi da durom ɗin roba mai murfi, na shigar da bututu ta gefe yadda iska za ta riƙa juyawa a ciki kamar guguwa, mai nauyi ya faɗa ƙasa. Dabarar tana aiki, kuma har yau ina amfani da durom ɗin. Sai dai guguwa tsaki take zubarwa, garin kuwa yana bin iska ya fita. Jakar da ke cikin injin ta ƙurar kafet ce. Da na haska bayan injin da tocila, sai ga hayaƙi fari yana fita kamar salansar tsohon babur.

Kuskure mafi girma a nan ma ba matatar ba ce, nisa ne. Na rataye bakin bututun a bango, kamu huɗu daga inda nake aiki. Gwada da kyandir: daga nesa za ka hure shi ya mutu, amma ka ce za ka kashe shi da zuƙa, sai ka kusa ƙona leɓe. Haka bututu yake. In faɗin bakinsa santimita 15 ne, da ka matsa santimita 15 daga bakin, ƙarfin jan ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. A kamu huɗu babu abin da yake ja sai kuɗin man janareto.

Na uku shi ne wanda ya tsaya, kuma sai da na daina tunanin tsarkake ɗaki na koma tunanin kama ƙura a inda aka haife ta. Na ƙera rumfa ƙarama a kan teburin aiki, katako a baya da gefe biyu da sama, gaba kaɗai a buɗe. A bangon baya na yanka doguwar tsaga, nan bututun ya kama. Daga nan iska ta bi durom, ta ratsa matatar iskar babbar mota, sannan ta ratsa matatar HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. Matatar motar ba don huhuna take ba, don ta tsawaita ran HEPA ce, saboda ita ce mai tsada. Fankar kuma na canja ta da mai zagaye irin katantanwa, domin fanka mai fuka-fuki da ta ji matata a gabanta sai ta yi ta juyi a banza. Ka sa fankar a ƙarshe, bayan matatu. Ta haka duk inda bututu ya huje iska za ta shiga ciki ne, ba ƙura ta fito ba. Ka bi gefen kowace matata da roba da gam, don tsaga mai faɗin farce ta isa ta mai da HEPA ado.

Abu biyu masu arha suka zama idona. Turaren tsinke ne na farko: kunna shi ka riƙe inda faifan giranda ke taɓa dutse. In hayaƙin ya miƙe ya shige tsagar, to. In ya yi sama yana lilo, ka matso da aikin ko ka rage faɗin rumfar. Da shi na gane cewa in na rufe ƙofa da taga ruf, jan yana mutuwa, don iskar da ka fitar sai wata ta shigo ta maye gurbinta. Da shi kuma na ga yadda fankar sama ke wargaza komai, na haƙura da ita duk zafin Afrilu. Na biyu tiyo ne mai garai-garai irin na awon lebur ɗin magina. Na lanƙwasa shi, na zuba ruwa rabi, baki ɗaya kafin matata, ɗaya bayanta. Ran da matata take sabuwa na yi alama da biro. In tazarar ruwan ta ninka, matata ta cika.

Ga wani abin kunya. Da farko ta taga na fitar da bututun, daidai tsayin mutum. Bayan mako biyu telan da ke maƙwabtaka da ni ya zo da shadda a hannu, bai ce komai ba, ya shafa yatsa a kai ya nuna min. A bakin wannan tagar kuma wata baiwar Allah ke suyar ƙosai da safe da goyo a bayanta. Ranar na ɗaga bututun ya haura rufi. Mu da muka ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400, bai kamata a tuna mana cewa ƙurar dutse ba ta tsayawa a kan mai aikin ba. Waccan gubar dalma ce, ba silika ba, amma hanyar ɗaya ce: a riga, a takalmi, a tsakar gida. Yanzu kayan aikina ba sa bin ni gida.

Duk wannan haɗe-haɗe, abin da ya fi rage ƙurar bai kai kuɗin buhun siminti ba. Ruwa ne. Jarka a rataye, siririn tiyo yana ɗiga daidai bakin faifai. Da tun farko da shi na fara, da ban yi asarar rabin abin da na kashe ba. Amma ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Sau ɗaya giranda ta fizge ni har na yar da ita a kan allon wata makaranta ya rabe biyu. Ka nemi injin da aka ƙera don yanka da ruwa, ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka abin da ke katse wuta da zarar ta fara bin jikin mutum, mai miliamfa 30. Sannan ka tuna cewa caɓin da ke ƙasa ƙura ce mai jiran bushewa. Da hunturu kafin azahar ya koma gari. Ka kwashe shi da danshinsa, ka zuba a rami ka rufe. Kada kuma ka bari feshin ruwan ya kai ga HEPA, takarda ce.

Abin da ya fi ci min rai yarona ne. Shekara biyu, kullum da safe shi ke share shagon da tsintsiya a bushe, ni ina waje ina shan shayi. In matata ta toshe, shi nake aika wa wurin mai faci a hure ta da iska. Wato duk abin da muka tara a mako, shi da mai facin suke shaƙa a minti biyar, kuma iskar tana huda matatar. Yanzu tsumma jiƙaƙƙe muke sharewa da shi, matatar da ta cika kuma mu yayyafa mata ruwa, mu ƙulle a leda.

Takunkumi yana nan, ko da ruwa ko da rumfa. Shuɗin nan na zamanin korona da hankici ba su tare wannan ƙura. Ka nemi mai rubutun FFP3 ko P100 a jiki, mai kama fuska gam. A nan ni da masu gemu irina muna da matsala, don roba ba ta zama a kan gashi, iska ta gefe take bi. Ban aske ba, na tara kuɗi na sayi irin mai rufe kai duka da ƙaramar fanka a ƙugu. Kowa ya san abin da zai iya, amma kada ka ɗora takunkumi a kan cikakken gemu ka ce ka tsira. Gwangwanin madarar da muke sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji kuwa, ciki take tafiya, huhu ko labari bai ji ba.

Bara na ɗauki yaron muka je aka yi mana hoton ƙirji. Na gaya wa likita sana'armu tun kafin ya tambaya, don tabon silika yana iya kama da na tarin fuka a hoto. Ya ce mu riƙa dawowa a kai a kai, ya kuma ce in bar sigari, na bari. Watan jiya wani ɗan kwangila ya kawo aikin kicin goma sha biyu na dutsen kantin nan, kuɗi mai kyau, yana so a gama cikin mako guda, ka ga ke nan sai an yanka a bushe har dare. Na ba shi haƙuri, ya kwashi kayansa ya kai layin baya.