Yadda muka auna karkatar haske da ɗalibaina a Argungu

Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Argungu, kuma a bara na ƙudura cewa ɗalibaina na aji shida ba za su shiga jarrabawar WAEC ba sai sun auna karkatar haske da hannunsu, wato yadda haske ke sauya hanya idan ya fita daga wani abu kamar iska ya shiga wani kamar gilashi ko ruwa. Yawancinsu 'ya'yan masunta ne, don haka sun riga sun san cewa kifin da ake hange a kogin Matan Fada ya fi zurfin inda ido ke nuna shi. Lissafin abin ne kawai ba su sani ba.

Mun fara da tubalin gilashi a kan farar takarda da allurai huɗu, biyu a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, ana leƙawa ta cikin gilashin har sai duka huɗun sun zama kamar guda. Daga nan a raba sayin (sine, adadin da lissafi ke ba kowace kusurwa) na kusurwar da haske ya shiga da sayin na kusurwar da ya karkata, sai a samu adadin karkatar haske, wanda bai kamata ya canza ba ko an canza kusurwar. Wannan ƙa'ida da ake jinginawa ga masanin lissafi Sinel (Snell) tun 1621, wani masanin lissafi mai suna Ibn Sahl ya riga ya rubuta ta a Bagadaza a 984, kuma na ga yadda wannan labari ya ɗaga kan yaran.

Ranar farko sakamakon ya watse, daga 1.3 har zuwa 1.7. Laifina ne, domin ban gargaɗe su ba game da kusantar allurai, kuma fensirinsu duk sun dakushe. Da muka raba alluran da fiye da santimita 5, muka fiƙe fensir, sai kusurwar shiga ta digiri 45 ta ba mu kusan digiri 28, wato adadin ya zama 1.5.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwaji na biyu. Mun nutsar da tubalin cikin ruwa a roba mai haske, muka ɗiga madara kaɗan domin hanyar hasken leza ta fito, muka auna muna duban ƙasa kai tsaye. A digiri 45 ɗin nan, hasken ya karkata zuwa wajen digiri 39 kawai. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, gilashin ya lalace ne?” Na ce ta raba 1.5 na gilashi da 1.33 na ruwa, ta samu 1.13, daidai da abin da muka auna. A ganina nan ne aka fi yi wa ɗalibai gajeren bayani, domin ana barinsu su haddace 1.5 kamar sunan gilashi ne, alhali adadin na tsakanin abu biyu ne, kuma 1.5 ɗin ma tsakanin gilashi da iska ne.

A ƙarshe na tsoma bututun gwaji na Pyrex, wani nau'in gilashi, cikin man gyaɗa na cika shi da man. Tunda adadin gilashin da na man duk suna wajen 1.47, ɓangaren da ya nutse ya kusa ɓacewa, sai da ɗalibar ta sa yatsa ta taɓa shi kafin ta yarda yana nan.