Yadda na koyi jiran malam buɗe littafi na farko bayan hunturu

A shekarata ta farko a kudancin Ingila ban ga malam buɗe littafi ko ɗaya ba sai da watan Mayu ya kama, har na ɗauka cewa haka al'adarsa take, ba ya fitowa kafin nan. Daga baya ne na gane cewa ya yi kusan wata biyu yana yawo a kan hanyar da nake bi kullum, ni ne dai ban san lokacin fita ba, ban kuma san inda ake kai ido ba. Lokacin da nake magana a kai shi ne wanda ke biyo bayan hunturu a ƙasashen sanyi, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da itatuwa ke toho, yini kuma ke ƙara tsawo. Kafofin labarai kan kira shi bazara, amma sunan bai kwanta mini ba, domin mutum yana iya fita da rana tsaka a cikinsa ya dawo yatsunsa sun ƙage don sanyi. Saboda haka zan kira shi lokacin toho.

Hanyar da nake bi tsohon layin dogo ne da aka cire masa ƙarafa aka mayar da shi turbar masu tafiya a ƙasa. Tafiyar minti arba'in ce zuwa da dawowa, akwai shinge mai ƙaya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma akwai gangare mai fuskantar kudu. Kuskurena na farko shi ne fita da sassafe, domin a lokacin ne nake da sarari kafin aiki, kuma na saba jin masu kallon tsuntsaye suna cewa sammako ke kawo rabo. Ga malam buɗe littafi abin ba haka yake ba. Jikinsa ba ya samar da ɗumin da zai ishe shi, kuma tsokar da ke kaɗa fukafukansa ba ta aiki sosai sai ƙirjinsa ya kai wajen digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, alhali iskar Maris sau da yawa ba ta wuce digiri 10. Dole ne ya zauna ya sha hantsi tukuna, ya tara zafin rana a jikinsa, kafin ya iya tashi. Wanda ya fita ƙarfe bakwai na safe yana wuce su ne suna maƙale a ƙarƙashin ganye ba tare da ya sani ba.

Wani dattijo ne ya gyara mini wannan. Na sha ganinsa yana tafiya a hankali kamar mai neman allurar da ta faɗi, da ɗan littafi a hannu, har wata Asabar na gaishe shi na tambaye shi abin da yake rubutawa. Ya ce yana cikin masu sa kai da ke ƙidayar malam buɗe littafi, a tsarin da aka fara a Birtaniya a 1976 bisa hanyar da masanin nan Ernie Pollard ya tsara. Ƙa'idojin da ya lissafa mini su ne suka zama karatuna na farko: ana bin hanya ɗaya sau ɗaya a mako daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, tsakanin ƙarfe 10:45 na safe da 3:45 na yamma, ana ƙirga abin da ya shigo cikin mita biyu da rabi ta kowane gefe da mita biyar a gaba, kuma ba a fara ƙidayar idan zafi bai kai digiri 13 ba, shi ma sai da hasken rana. Ni ba ƙidaya ta kawo ni ba, na farko kawai nake son gani, amma waɗannan lambobi sun gaya mini abin da nake buƙata. Na mayar da tafiyata lokacin hutun rana, na daina fita idan gari ya lumshe.

A mako na biyu na watan Maris na shekarar da ta biyo baya na gan shi. Rana ta fito bayan kwanaki na hadari, iska ta kwanta, sai ga wani abu rawaya shar yana bin shingen nan da sauri, bai tsaya ba, bai kuma karkace ba, kamar wanda aka aika. Shingen bai ko yi ganye ba tukuna, don haka launin ya fito fili ƙwarai. Wannan shi ne namijin wanda masana ke kira Gonepteryx rhamni, Turawan Ingila kuma suka ba shi sunan farar wuta saboda launinsa. Na bi shi da gudu da waya a hannu, abin da ya zama kuskure na biyu, domin ya tsallake shingen ya bar ni ina haki. Da na tsaya ina hutawa sai ga shi ya dawo ta hanyar da ya bi, ko kuwa ɗan'uwansa ne, ya sauka a kan wani ƙaramin fure kusa da ƙafata. Ya haɗe fukafukansa a sama, domin wannan nau'in ba ya buɗe su idan yana zaune, sai ya koma ganye sak: ga jijiyoyi a jiki, ga tsini a baki, ga ɗan ɗigo a tsakiya kamar inda ƙwaro ya ɗan ci. Na ga dogon bakinsa yana warwarewa yana shiga cikin furen, sa'an nan ya naɗe ya koma.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda kuma ya sauya yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya, shi ne sanin cewa wannan da nake yi wa kallon sabon haihuwa tsoho ne. Ya fito daga kwansonsa, wato inda tsutsa ke ƙulle kanta har ta rikiɗe ta yi fukafukai, tun watan Yuli ko Agusta na bara, ya sha ruwan fure ya tara ƙiba, sa'an nan ya shige cikin ganyen shuke-shuken da ba sa zubar da ganye ya kwanta duk tsawon hunturu, da wani sinadari a jininsa da ke hana shi daskarewa. Yakan rayu kusan shekara guda, abin da ya sa yana cikin mafiya tsawon rai a irinsa a wannan ƙasa. Haka ma sauran da ake fara gani a Maris. Akwai mai idanun ɗawisu, Aglais io, wanda ke kwana a kogon itace da ɗakunan ajiya. Akwai mai yagaggen bakin fukafuki da ke ɗauke da farar alama mai kama da waƙafi a ƙarƙashinsa. Akwai kuma wanda ake kamanta zanensa da bayan kunkuru, Aglais urticae, wanda masu ƙidaya suka nuna ya ragu ƙwarai a shekarun nan, ni ma a turbata sai in yi makonni ban ga ɗaya ba. Tun da na san haka sai na fara duba fukafukansu da kyau, na kuwa ga shaidar: launi ya koɗe, gefe ya zaizaye, wani ma da gurbin bakin tsuntsu a fiffikensa na baya.

Akwai kuskuren da har yanzu yake damuna idan na tuna. A wani watan Janairu na tarar da mai idanun ɗawisu yana bugun gilashin taga a cikin ɗaki. Ashe tun kaka ya shigo ya ɓuya a bayan labule, na'urar ɗumama ɗaki kuma ta ruɗe shi ya ɗauka hunturu ya wuce. Da na kai hannu sai ya buɗe fukafukansa farat ɗaya, manyan idanun nan huɗu suka bayyana, ya kuma yi wani ɗan huci da yake samarwa ta hanyar goga fukafukan, dabarar da yake tsorata ɓera da tsuntsu da ita. Tausayi ya sa na buɗe taga na sake shi, ina ganin na yi masa alheri. Washegari na tsince shi a ƙasan tagar ya sandare. Babu fure a waje da zai sha, ƙibar da ya tara kuma ya riga ya ƙone ta wajen bugun gilashi. Abin da ya kamata in yi shi ne in sa shi cikin kwali, in ajiye a wuri mai sanyi har ya natsu, sa'an nan in kai shi ɗakin ajiya na waje inda babu ɗumi kuma akwai kafar da zai fita idan lokaci ya yi. Na yi hakan sau biyu tun daga nan.

Da zarar mutum ya fahimci cewa ɗumi suke nema, sai turbar ta rabu masa kashi-kashi. A tawa wurare uku ne kacal ke da amfani a watan Maris: gindin gangaren nan mai fuskantar kudu, wani lungu da shinge ya tare wa iska, da wani busasshen gungume da rana ke duka tun hantsi. Sauran tafiyar duk motsa jiki ne. A kan gungumen nan namijin mai idanun ɗawisu ko mai waƙafi kan kama wuri bayan azahar, ya mayar da shi nasa, duk abin da ya gitta ya tashi ya bi shi, ko ƙudan zuma ne ko ɗan'uwansa, su yi ta juyi suna hawa sama har su ɓace wa ido, sa'an nan ya dawo daidai inda ya tashi. Dattijon nan ya nuna mini cewa ko ɗan hoge aka wurga ta samansa zai tashi ya bincika. Amfanin sanin wannan shi ne babu dalilin bin sa; idan ya tashi, sai a tsaya a jira. Abin da ke korarsa da gaske shi ne inuwa. Na yi asarar hotuna da yawa kafin in lura cewa duk sa'ad da inuwata ta faɗa kansa yake tashi, don haka yanzu nakan zagaya in fuskanci rana, in durƙusa, in matso da kaɗan-kaɗan.

Sai a watan Afrilu ne sababbi na gaskiya ke fitowa, waɗanda suka yi hunturu a cikin kwanso. Wanda na fi jira a cikinsu shi ne Anthocharis cardamines, fari ne, amma bakin fukafukan namijin ruwan goro ne kamar an tsoma su a rini. Macen ba ta da wannan launi, shi ya sa na daɗe ina ɗaukarta a matsayin fararen nan na gama-gari da ke ɓata kabeji, kamar yadda na daɗe ina yi wa macen farar wuta, wadda ita ma fara ce mai ɗan ratsin kore. Abin da ke raba gardama a kan macen Anthocharis cardamines shi ne ƙarƙashin fiffikenta na baya, wanda ke da dabbare-dabbaren kore. Wannan nau'in kwanakinsa a sarari kaɗan ne, 'yan makonni, bayan ya shafe wajen wata goma a ƙulle.

Nakan rubuta duk abin da na gani a ɗan littafi, kuma a nan ne na fi yin gardama da kaina. Rubuta ranar gani na farko tsohuwar al'ada ce a Ingila: Robert Marsham na yankin Norfolk ya fara rubuta alamomin fitar hunturu a 1736, iyalinsa suka ci gaba har zuwa 1958. Irin waɗannan rubuce-rubuce, tare da ƙidayar masu sa kai, su ne suka nuna cewa nau'o'i da yawa suna fitowa da wuri a shekarun da suka fi ɗumi. Sai dai a ganina ranar farko ita kaɗai tana da yaudara, domin rabinta labarin malam buɗe littafi ne, rabinta kuma labarin mai kallo ne. A shekarar da na yi rashin lafiya na mako biyu a Maris, littafina ya nuna kamar sun makara, alhali ni ne ban fita ba. Tun daga nan nake rubuta har ranakun da na fita ban ga komai ba, da yanayin gari, da ƙarfe nawa ne, da inda iska ke kaɗowa. Shafukan ranakun da ban ga komai ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma su ne ke ba ni damar cewa ranar da na rubuta tana kusa da gaskiya.

A bara na ƙara wani abu a kan tafiyar. Na bi wata macen Anthocharis cardamines, mai dabbaren koren nan, da ido har ta sauka a kan wata ciyawa mai fararen furanni, wadda ganyenta ke warin tafarnuwa idan an murza, ta lanƙwasa cikinta a ƙarƙashin furen, ta tashi. Na durƙusa na duba, sai ga ƙwai guda ɗaya tak, fari-fari, bai kai ƙwayar yashi babba ba. Guda ɗaya take ajiyewa a kan kowane kan fure, domin tsutsotsin nan suna cin junansu idan suka haɗu. Na ɗaura ɗan zare a reshen da ke kusa don in gane wurin. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya rikiɗe ya zama ruwan goro, yadda ana iya hango shi daga tsaye, bayan kamar mako guda kuma na tarar da 'yar tsutsa kwance a jikin kwanson iri, ta saje da shi har sai da na ƙura ido. A ƙarshen Mayu masu yankan ciyawar gefen hanya suka zo suka aske wurin ƙwal, da zaren da ciyawar duka. Na rubuta ranar a littafin, na kuma lura cewa akwai irin wannan ciyawa a bayan shingen, inda injinsu ba ya kaiwa, can ne zan fara dubawa a Afrilu mai zuwa.